Iskar da Ta Kawo Shi Gida

Mijina Tahidu ba ya nan. Ya rasu a daminar bara, a cikin motarsa, a ƙofar gidanmu da ke unguwar Sakasaka, nan Tamale. Tun daga ranar babu mai danna hon gab da magariba, babu mai leƙo kai ta tagar mota ya ce, "Amarya, buɗe mini get." Har 'yarmu Fadilatu ta zama budurwa bai daina kirana Amarya ba. Ita ta riƙa yi masa dariya, shi kuwa ya ce ai bai ga ranar da amarcin ya ƙare ba.

Sunana Zuwera. Karatuna bai yi nisa ba, don haka zan faɗi abin da ya same mu yadda ya zo, ba ƙari.

Sana'ar Tahidu sayen ƙwarar kaɗanya ce. Yakan bi ƙauyukan hanyar Salaga da tsohuwar jif ɗinsa, ya sayo a hannun mata, ya kawo mini in soya in fitar da mai. Yammacin da abin ya faru ina tuƙa tuwo na ji hon ɗinsa. Na ce wa Fadilatu ta je ta buɗe. Ta buɗe, mota ba ta shigo ba. Inji yana aiki, fitilu a kunne. Da na fito da muciya a hannu, sai na gan shi ya kifa goshi a kan sitiyari, rigarsa duk jar ƙasa, hannuwansa baƙi ƙirin da dattin taya. Likita ya ce zuciya ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ya iso har ƙofa amma bai bar mini ko kalma ɗaya ba.

A bayan motar an tarar da taya guda da ƙusa ta huda, safaya kuma, wato tayar ajiya, tana ɗaure a gaba. Wato faci ya yi a hanya, ya canza da kansa. Bayan sadakar bakwai ƙaninsa Mashudu ya kai wadda ta fashe aka gyara aka mayar, ya rataye safayar a mazauninta, can ƙarƙashin motar inda sarƙa ke riƙe ta. Aka lulluɓe motar da tamfol a gindin dogon yaro. Nan ta zauna har na fita takaba.

Ni da ma mai babur ce kamar yawancin matan Tamale, amma marigayi ya koya mini tuƙi. Da na ga baki ba ya jira, sai na yaye tamfol, na ce zan ci gaba da sana'arsa. Mashudu ya kawo batir muka tayar da ita. Duk ƙananan fitilun gaban direba suka kama suka mutu kamar yadda suka saba, sai guda ɗaya. Rawaya ce, siffarta kamar ƙaramar tukunya da aka tsayar da muciya a tsakiyarta.

"Mma, wannan ta taya ce," in ji Fadilatu. "Tana cewa iska ta yi kaɗan."

Na kai wa Moro mai faci, wanda rumfarsa ke bakin titinmu, shi ne kuma ke yi wa marigayi aiki tun da. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya zagaya da gejinsa na awon iska yana tsugunawa a gaban kowace taya.

"Mma Zuwera, taya huɗu duka ya yi daidai paa. Ko jirgin sama ne zai tashi a kai."

"To me ya sa wutar ta ƙi mutuwa?"

Ya ce a cikin kowace taya akwai wani ɗan abu da ake kira sansa, shi ke gaya wa mota yawan iskar da ke ciki. Wani lokaci sanyin safiya kan ruɗe shi, wani lokaci kuma mota ce ke riƙe tsohon labari. Ya laluba ƙarƙashin sitiyari ya danne wani maɓalli har wutar ta yi ƙifce-ƙifce. Ya ce in hau kwalta in ba ta wuta kaɗan, za ta manta. Na bi hanyar Savelugu na yi nisa na dawo. Ba ta manta ba.

Daga nan na je wurin wani fita, wato makanike, mai na'ura. Ya ce wataƙila batirin sansa ɗaya ne ya mutu, don su ma suna tsufa. Ya kara na'urar a jikin taya ta farko ta yi ƙara, ta biyu ta yi, har ta huɗu. Ya sosa ƙeya.

"Duk suna amsawa, Mma. In gaya miki gaskiya? Nemi baƙin salatif ki manna a kai. Rabin motocin garin nan haka suke yawo, babu wanda ya mutu."

Na saya na manna. A ranar abin ya fara.

Yamma ce irin ta kullum. Kaji sun shige akurki, hayaƙin gawayi ya kwanta a kan katanga, yaran maƙwabta da ke buga ƙwallo an kira su gida. Ina zaune a kan turmi ina tsince wake, Fadilatu tana kwashe shanya. Sai unguwar ta yi wani irin shiru, irin wanda kunne ke jin nauyinsa. Ko babur ɗaya bai wuce ba. Can sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ƙwas, ya gangaro ya tsaya a gabana. Wani ya biyo, wani ya biyo, a hankali, kamar mai jifan ba ya gaggawa.

Na ɗauka tsakuwa ce. Da na ɗaga sai na ga ɗan kaɗanya ne, ɗanye shar, da laushinsa da ƙanshinsa. Lokacin kaɗanya kuwa ya wuce da daɗewa, kuma duk Sakasaka ban san inda itacen yake ba.

"Mma," in ji Fadilatu, muryarta ƙasa-ƙasa. "Dubi mota."

Makullin yana ƙulle a bakin zanena. Amma ta cikin gilashi ana hango 'yar rawayar wutar nan tana ci, ita kaɗai, a cikin duhun motar. Salatif ɗin da na manna kuwa ga shi can manne a jikin get, daidai inda nake kama ƙarfen in buɗe wa mai gida. Sannan muka ji bugu daga ƙasan motar. Dum. Dum. Kamar mutum a cikin ganga yana neman a buɗe masa.

Da ladan ya kira isha komai ya tsaya.

Haka muka shiga kwanaki. Rana lafiya lau, almuru na yi sai jifa, sai wuta, sai bugu. Maƙwabciyata Hasanatu ta ce yara ne, ta sa mijinta ya hau katanga ya yi gadi. Ɗan kaɗanya ya faɗo masa a tsakiyar kai daga sama, inda babu reshe babu rufi. Ya sauko, bai kuma ƙara hawa ba. Na riƙa kunna karatun Alƙur'ani a waya, ina tofa Ayatul Kursiyyu a kusurwoyin gida. Jifan yakan lafa, bugun kuwa ba ya fasawa.

Fadilatu taurin kan ubanta ta ɗauko. Ita ba ta yarda akwai abin da ba shi da dalili ba. Wata yamma ta dawo daga makaranta da gejin Moro a hannu, fuskarta a sake.

"Mma, na gano! Na duba a waya. Irin manyan motocin nan, safaya ma tana da nata sansa. Kowa huɗu yake ƙirgawa, alhali biyar ne. Ita ce ba ta da iska. Bugun ma ina jin sarƙar ce ke motsi."

"To, bari sai da safe."

"Yanzu-yanzu zan gama."

"Na ce ki bari. 'Ya mace ba ta rarrafe a ƙasan mota da almuru."

Ta ce to. Na ɗauki buta na zagaya bayi. Ina cikin alwala, na wanke hannun dama ke nan, na ji wani ɗan huci daga tsakar gida. Tsss. Gajere ne. Bayansa wani sanyi ya ratsa gidan, mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali an daɗe da ɗauke ruwa.

Na fito da gudu. Tana tsaye a gefen motar, gwiwoyinta duk ƙasa. Ta dafe ƙugu da hannun hagu, ta ɗan karkata kafaɗa. Na san tsayuwar nan. Shekaru ina ganinta. Ta dube ni da idanun da ba sa ƙiftawa, ta buɗe baki, muryar da ta fito kuwa ta namiji ce, mai ɗan kaushi saboda goro.

"Amarya, buɗe mini get."

Butar ta faɗi daga hannuna.

Daga ranar 'yata ta daina cin abinci. Da rana takan kwanta kamar gawa, jikinta sanyi ƙalau, sai dai in ɗura mata koko da cokali, rabi ya zube. Na kai ta asibiti aka ɗebi jini, aka ce ba zazzaɓi ba ne, ba a ga komai ba. Magariba na yi sai ta miƙe ta zauna a bakin gado, ta yi magana da muryarsa. Ba wata doguwar magana ba. "Amarya, yau miyar me aka yi?" "Amarya, ina hulata?" Ni kuwa in zauna a ƙasa ina kuka, ina saurare. Tsoro nake ji, amma in rana ta karkata sai in tarar ina duban inuwar katanga, ina jira. Yarinyar kuwa kullum raguwa take yi, kamar tayar da ƙusa ta huda.

Hasanatu ce ta dafa kafaɗata wata safiya ta ce, "Zuwera, kin binne ɗaya. So kike ki binne na biyu?" Ita ta aika Mashudu unguwar Moshi Zongo ya ɗauko Afa Sualihu.

Afa Sualihu tsoho ne siriri, malamin da ya yi suna wajen ruƙiyya, shi ne kuma ya sallaci Tahidu. Ya iso bayan azahar a bayan babur, da butarsa da carbinsa. Bai fara da karatu ba. Ya zauna ya sa na ba shi labari tun daga farko, har zancen salatif. Sannan ya ce a kira Moro ya sauko da safayar.

Moro ya kwance sarƙa, tayar ta sauko ya mirgino ta tsakar gida. Afa ya danna ta da babban yatsa, ya taka ta da ƙafa. Tauri kamar dutse.

"Ina gejin da yarinya ta gwada?"

Moro ya leƙa ƙasan motar ya zaro shi. Irin mai riƙe awo ne har sai an sake shi. Allurar tana kwance a kan sifiri.

"Afa, wannan ban taɓa gani ba," in ji Moro. "Taya ya cika tam, geji ya ce ba komai koraa, ko ɗis."

"To ai motar ba ƙarya take yi ba," in ji Afa. "Tun farko gaskiya take gaya muku. Abin da injinka ke hurawa babu shi a ciki." Ya dubi rana. "Ba za mu jira duhu ba. Duhu nasu ne. Da an yi la'asar ku fito da ita."

Muka shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro. Na rungume Fadilatu ta baya, Hasanatu ta riƙe ƙafafunta. Afa ya zauna daf da kanta ya fara karatu, a hankali, ba ɗaga murya. Ya daɗe yana yi. Ganyen bishiyar ya daina motsi. Can na ji jikin yarinyar ya sandare a ƙirjina, yatsun ƙafarta suka lanƙwashe, ta buɗe ido.

"Afa, sannu da zuwa," in ji muryar Tahidu. "Me ya kawo ka gidana ba sallama?"

"Mai gidan nan ni na tsaya a kan gawarsa," in ji Afa. "Wanda ya shiga kabari ba ya dawowa yawo. Ajiye kayan aro, yi magana da muryarka."

Ya ci gaba da karatu, ya tofa a ruwa ya yayyafa mata. Ta yi wata ƙara, ta banƙare har ta kusa kayar da ni. Da ta lafa sai wata murya dabam ta fito, ta tsohuwa, busasshiya kamar ana taka karan dawa.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni a banza. Ni ba ɓarauniya ba ce. Kirana aka yi."

"Wa ya kira ki?"

"Mai motar."

Ta ce gidanta wata kaɗanya ce a gefen hanyar Salaga. Ran nan da yamma mota ta tsaya a ƙarƙashinta. Mutum ya fito yana haki, ya cire taya ya ɗaura wata, yana yi yana hutawa, yana dafe ƙirji. Da ya sauke jak sai wadda ya ɗaura ta kwanta, ashe ita ma babu komai a cikinta. Hanya ba kowa, hadari ya haɗo, wayarsa ba ta kamawa.

"Sai ya zauna a gindina ya jingina. Ya ce, 'Wayyo Allah, da zan sami iska, ko 'yar kaɗan ce, ta kai ni gida.'"

"Iskar taya yake nufi," in ji Afa. "Kin sani."

"Ni dai sunanmu na ji. Da Turanci ya faɗa, da ko kai ban ɗaga ba. Da Hausa ya roƙa, a gindin gidana, da almuru. Mutum yana mutuwa yana kiran iska, in yi kamar ban ji ba? Na shiga ta ɗan bakin nan, na ɗaga motar. Ni na ɗauko shi a bayana har ƙofar nan, kowane rami a jikina ya ƙare."

Hasanatu ta fara salati.

"Da kika kawo shi, me ya hana ki komawa?"

"Ta ina? Ƙofar taya shiga ake yi, ba a fita sai an danna. Suka ɗaure ni da sarƙa a ƙasan mota kamar akuya. Na buga, ba su ji ba. Na kunna musu wuta, suka yi ta zagaya ƙafa huɗu kamar makafi. Ƙarshe suka manne mini baki da salatif! 'Yan'uwana ne suka biyo sawuna suna jifa. Sai yarinyar nan ta buɗe mini kaɗan, na sako kai. Rabina yana nan, rabina yana can. Nan kuwa da ɗumi, malam. Taya sanyi gare ta."

"Za ki fita. Ba gidanki ba ne."

"A ba ni ladana. Baƙin rago, a yanka a gindin itacena."

"Ba a zubar da jini don wanin Allah. In alheri kika yi, Wanda ya halicce mu da ku ba ya mantuwa. Nemi ladanki a can."

Sai kan Fadilatu ya juyo a hankali, har fuskarta ta kusa taɓa tawa.

"To bari in yi ciniki da mai gida. Zuwera, hanyar nan da tsawo, kuma mijinki bai yi shiru ba. Tun daga gindin itacena har ƙofarki magana yake yi. Da ke yake. Ni kaɗai na ji, kuma ban manta ko ɗaya ba. Bar ni a inda nake. Kowace magariba in ba ki kaɗan, da muryarsa."

Na dubi Afa. Ya sauke carbinsa a kan gwiwa.

"'Yata, irinsu sukan ɗauki gaskiya ɗaya su naɗe ta da ƙarya ɗari. Ina iya matsa mata har ta fita. Amma in zuciyarki na riƙe da ita, ta wannan ƙofar za ta dawo, ni kuwa ba ni da makullinta. Bakinki take jira."

Muryar Tahidu ta dawo, a hankali, da numfashi sama-sama, yadda ban taɓa jin ta ba.

"Amarya... Amarya, kada ki..."

Ta tsaya nan. Bakin yarinyar ya rufe, idanun suna kallona.

Allah ya sani, da a ce raina aka nema a madadin ƙarshen maganar nan, da na bayar. Na buɗe baki ban san me zai fito ba. A daidai lokacin wani abu ya yi ƙara a kan tabarma. Warwaron azurfa ne da ubanta ya sayo mata, wanda da sai da sabulu yake fita. Ya zame daga hannunta da kansa. Na kama hannun. Ƙashi ne da fata, yatsuna biyu sun zagaye shi.

Na ce, "Baiwar Allah, na gode. Da ba don ke ba, a daji zai kwana, ruwa ya dake shi, sai an nemo mini gawarsa. Kin kawo mini shi da ɗuminsa, na rufe masa ido da hannuna. Na gode. Amma maganar nan tsakanina da mijina ce. Shi zai ƙarasa mini ita da bakinsa. Ba ni 'yata."

Jikin yarinyar ya ɗan saki a ƙirjina.

"Tun da na zo gidan nan," in ji muryar tsohuwar, ta yi ƙasa sosai, "sai yau aka ce mini an gode." Ta ja numfashi. "Ku mayar da ni kafin rana ta faɗi. A gindin itacena za a buɗe, ba a nan ba."

Afa ya sa ta rantse da Wanda ya halicce ta cewa ba za ta sake kusantar yarinyar ko gidan ba, ita da danginta. Ta rantse.

Ni na tuƙa. Moro ya sa tayar a baya, Afa yana gefena yana karatu, Hasanatu ta rungume Fadilatu a kujerar baya. Muka fita gari, gidaje suka ƙare, gonaki suka fara, rana tana sauka tana yin ja. Wutar nan tana ci a gabana. Ban san inda za mu tsaya ba, ga kaɗanya ko'ina, kowace kamar 'yar'uwarta. Sai hannun yarinyar ya ɗago da kansa ya nuna gefen dama.

Babbar bishiya ce, ita kaɗai a bakin wani kwari. A gindinta, cikin busasshiyar ciyawa, Moro ya yi tuntuɓe da wani ƙarfe. Sifanar taya ce ta yi tsatsa, da jan ƙyallen da Tahidu ke ɗaura wa kayan aikinsa don kada a yi masa musaya.

Moro ya kwantar da tayar. Ya ɗora ɗan makulli a kan bawul, ɗan bakin nan da ake hura iska ta cikinsa, ya tsaya.

"Afa, in wani abu ya fito fa?"

"Ai don ya fito muka zo. Ce bismillah ka kwance."

Ya ce, ya kwance, ya yi tsalle baya.

Hucin ya fara. Na sha jin ana sace iskar taya a rumfar Moro, nan da nan take ƙarewa. Wannan ya ƙi ƙarewa. Ya yi ta fita, ya yi ta fita, mai sanyi, mai ƙanshin ƙasar damina. Ganyen kaɗanyar ya ɗauki kaɗawa, alhali sauran itatuwan ko motsi ba sa yi. A cikin hucin na fara jin kamar ana magana, can ƙasa, kamar muryar da na sani. Na sa yatsu na toshe kunnuwana, na runtse ido, na yi ta salati da ƙarfi har sai da Afa ya taɓa gefen mayafina.

Tayar ta kwanta. Gefen rana kaɗai ya rage. A cikin mota Fadilatu ta yi atishawa.

"Mma? Me muke yi a daji?" Muryarta ce, tata ta kanta. "Mma, yunwa nake ji."

Da na tayar da mota za mu koma, wutar ta kama, ta kuma ƙi mutuwa. Na nuna wa Moro da yatsa. Ya leƙo, sai ya fashe da dariya har da hawaye.

"Mma Zuwera, yanzu kam gaskiyarsa ne! Safaya ba iska koraa. Mu je in sa masa irin namu na 'yan Adam."

A rumfarsa ya mayar da bawul, ya hura, ya gwada, allura ta tashi. Ya rataye ta a mazauninta. Kafin mu kai kwanar gidanmu wutar ta mutu. Ba ta sake kamawa ba, ba a kuma sake jifan rufinmu ba.

Fadilatu ta warke, ta koma makaranta, warwaron ya sake matse mata hannu. Ba ta tuna komai, sai dai ta ce ta yi mafarkin tana cikin wani wuri mai duhu mai zagaye. Ni ke bin hanyar Salaga yanzu. In na zo daidai bishiyar nakan yi sallama in wuce, ba na tsayawa. Duk direban da ya ce mini wutar tayarsa ta ƙi mutuwa, nakan ce ya duba ta biyar, ya kuma duba da rana.

Maganar kuwa tana nan inda aka yanke ta. Kada ki me? Kada ki sayar da motar? Kada ki yi kuka? Wata rana ina tuƙa tuwo sai in ce wataƙila cewa zai yi kada ki cika gishiri, don ya saba. Afa ya ce mai yiwuwa ma ƙarya ce ta shirya don ta kama ni. Mai yiwuwa. Na bar ta sai mun haɗu, in tambaye shi da kaina.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan ya taya ni da amin. Allah ya jiƙan Tahidu, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa wahalar hanyar nan ta zama kaffara gare shi. Allah ya raya mini Fadilatu, ya tsare 'ya'yanmu daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Allah ya kai kowane matafiyi gida da sauran numfashin da zai yi wa iyalinsa sallama. Ni kuma, in tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, ya sada ni da mijina a inda ba a yanke magana. Ku ce amin.